Wasiƙar Akawu Daga Wurno: A Sheƙe Magana Kafin A Kai Ta Kasuwa

Zuwa ga Edita.

 Ina roƙon ka ba ni filin nan nawa na kowane mako, domin yau ina da magana da 'yan'uwana ma'abota alƙalami, watau akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, tun ba ma na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo ba. Maganar kuwa a kan wata cuta ce da ta kama bakinmu da alƙalaminmu, ita ce tara kalmomi inda ba a bukatarsu.

Kowa ya san cinikin shinkafa a nan Wurno ya san ba a sayen ɓuntu da kuɗin tsaba. In an sauke buhu, mai saye ya kan zura hannu can ciki ya damƙo, ya buɗe tafinsa ya hura. In ƙaiƙayi ya tashi sai ya rage kuɗi. In kuwa ya gane da gangan aka zuba, ya ce an yi masa algus, gobe ko da kiransa a ke ba ya waiwayowa. To, mai karanta takarda shi ma mai saye ne. Lokacinsa da hankalinsa su ne kuɗin da ya ke biya, kuma shi ma ya iya hurawa.

Bari in kawo misali da irin takardar da a kan rubuta wa manoman rani in za su kai kuka wurin hukuma. Ga yadda ta kan soma: "Muna masu matuƙar farin ciki da murna da jin daɗi a bisa ga samun wannan dama da muka samu ta rubuto maka wannan takarda tamu, domin sabo da mu sanar da kai kuma mu shaida maka cewa a halin yanzu da a ke ciki a wannan lokaci, mu manoma masu aikin noma muna fama da matsala ta damuwa game da abin da ya shafi al'amarin ruwa."

Ya kai mai karatu, ƙidaya ka gani. Kalmomi fiye da 60 ke nan, amma har yanzu ba a san ko ruwan yawa ya yi, ko ƙaranci ya yi ba. Ba a san gona nawa ba, ba a san tun yaushe ba, ba a san abin da a ke roƙo ba. Kuma ina farin ciki ga mutumin da albasarsa ke ƙonewa? Da mai rubutun ya tambayi manoman abin da ke tafe da su, da sai ya rubuta haka: "Magudanar da ke kai ruwa gonakinmu ta toshe, kwana 12 ke nan. Albasar mutum 40 tana bushewa. Muna roƙo a turo masu gyara kafin Jumma'a." Wannan ba ta kai kalma 30 ba, amma duk wanda ta shiga hannunsa ya san aikin da ke gabansa, ba shi kuma da ƙofar cewa bai gane ba. Takarda ta fari za ta kwana cikin fayil, ta biyu za ta sa wani ya tashi daga kujera.

Na duba wannan cuta na ga iri huɗu ce.

Iri na fari shi ne mafi sauƙi, watau faɗin abu ɗaya da harshe biyu. Mu kan ce "daren Lailatul Ƙadari", alhali "laila" ita ce dare. Mu kan ce "ranar Yaumul Ƙiyama", alhali "yaumu" ita ce rana. Mu kan ce "littafin Kitabul Farƙi na Shehu", alhali "kitabu" shi ne littafi, mu ce "hamadar Sahara", alhali kalmar Sahara a Larabci hamada ta ke nufi. Haka kuma da Turanci: "lambar BVN" da "lambar NIN", harafin ƙarshe na kowannensu lamba ya ke nufi. Ban tsananta a kan wannan iri ba, gama wanda bai san Larabci ko Turanci ba kalmar Hausar ce ke yi masa jagora, kuma baki ya riga ya saba. Abin da na ke so kurum malami ya san yana yi, kada ya kai ga "watan Shahru Ramadan mai alfarma na azumi".

Iri na biyu shi ne tagwayen kalmomi, a ɗaura wa jaki ɗaya mangala biyu. "Domin sabo da." "Amma sai dai kuma duk da haka." "Kamar misali." "Ya sake maimaitawa kuma." "Duka gaba ɗaya baki ɗaya." "Kyauta ba tare da biyan kuɗi ba." "Gawar mamacin da ya rasu." "Ƙarfe 6 na safe da sassafe." Wa ya taɓa ganin gawar mai rai, ko kyautar da aka biya? Ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, ma'ana ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba.

Iri na uku ya shigo mana ne ta hanyar fassara, shi ne kuwa ya fi yaɗuwa yanzu, domin kullum yana shiga kunnenmu daga labarun rediyo. Bahaushe yana da kalmar aiki mai ƙarfi, gajera: ya bincika, ya ziyarta, ya taimaka, ya gyara, ya biya. Amma sai a bi sawun Turancin ofis a ce "ya gudanar da bincike", "ya aiwatar da aikin gyara", "ya bayar da tallafin taimako", "ya gudanar da biyan kuɗi". Kome yanzu gudanar da shi a ke yi, sai ka ce ruwan fadama. Sa'an nan in babban mutum ya yi magana guda, sai a yanka ta gida huɗu: "ya bayyana cewa", "ya ƙara da cewa", "ya ci gaba da cewa", "daga ƙarshe ya kammala da cewa". Tsohuwa a Gandi ko Shinaka in za ta ba ka labarin nan, "ya ce" guda ta ishe ta, kuma za ka fi ganewa.

Iri na huɗu shi ne na wurin taro. A kira manoma tun hantsi domin a gaya musu ranar da za a raba taki da kuɗin buhu. Mai magana na fari ya tashi ya jera manyan baƙi da laƙabinsu ɗaya ɗaya. Na biyu ya tashi ya sake jerawa. Na uku ya ce ba zai tsawaita ba, sa'an nan ya jera ya ƙara da waɗanda aka manta. Kafin a zo kan taki rana ta take, waɗanda suka zo daga nesa sun kama hanya, masu shanu sun tafi ban ruwa. Girmama manya wajibi ne, ba mai ja. Amma in an gaishe su sau ɗaya da kyau an girmama su. In aka yi sau bakwai, an zaunar da su cikin rana ne tare da talakawansu.

To, daga ina muka gaji wannan? Lalle ba daga magabatanmu na wannan ƙasa ba. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa ya ke. A zamaninsu takarda daga ƙasar Italiya ta ke fitowa, ta bi ta Tarabulus, ta ƙetare hamada bisa raƙuma, irin mai tambarin wata uku da har yanzu a ke gani cikin tsofaffin littattafan malamai. Tawada da hannu a ke dafa ta, alƙalami da hannu a ke feƙe shi, wasiƙa kuma mutum ne zai hau doki ya kai. Mai irin wannan hali ba ya wasa da shafi. A 1903 Turawa sun sami tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari a Sakkwato, wani Bature mai suna Backwell ya fassara su aka buga a 1927. Wanda ya duba su zai ga galibinsu gajeru ne, tsarinsu kuma ɗaya: daga wane zuwa wane, gaisuwa, sa'an nan "bayan haka", sai bukata, sai sallama. Al'amuran sarakuna da yaƙi da zaman lafiya ke nan, cikin layi kaɗan.

Malamanmu na zaure sun fi ni sanin cewa wannan magana tana da babi sukutum cikin ilmin balaga, a littattafai irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi da Jauharul Maknun na Ahalari. Sun kasa magana uku. In lafazi ya yi daidai da ma'ana, musawa ke nan. In lafazi kaɗan ya ɗauki ma'ana mai yawa, ijazi ke nan. In aka ƙara lafazi domin wata fa'ida, iɗinabi ke nan. Duka ukun nan abin yabo ne a wurarensu. Amma ƙarin da ba fa'ida sun ba shi suna biyu na zargi. In ba a iya nuna wace kalma ce ta yi yawa, kamar "farin ciki da murna", inda ko wacce ka cire ɗayar ta isa, sun ce taɗawili. In kuwa a kan iya nuna ta da yatsa, kamar "mamacin" cikin "gawar mamacin", sun ce hashawu, watau cusa. Abin mamaki, sai ka ga wanda ya karanta babin nan da Larabci, in ya juyo Hausa ya manta da shi sarai.

Turawan da muka koyi aikin ofis daga gare su, su ma cutar ta dame su har suka nemi magani. Zamanin da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardauna, ke riƙe da ƙasar Rabah, daga 1934 zuwa 1938, saƙon gaggawa ta gidan waya a ke buga shi, kowace kalma da kuɗinta, sabo da haka akawun wancan lokaci ya kan auna kalma kamar yadda mai tireda ke auna sukari. A watan Agusta na 1940, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Firayim Ministan Ingila Mista Cocil ya aika wa manyan ma'aikatansa takarda yana neman su gajarta rahotanninsu, domin dogayen suna cin lokaci, kuma a kan wahala kafin a tono abin da ke ciki. A 1948 kuma, bisa roƙon Baitulmalin Ingila, Ernest Gowers ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati littafi musamman domin ya koya musu rubutu miƙaƙƙe. Ashe su da kansu sun daɗe da zubar da kayan da mu muke tsinta muna yafawa. Ba banza ba Bahaushe ya sa wa kewaye-kewayen magana suna "dogon Turanci".

Me ke sa mutum mai hankali ya yi ta cusa? Na ga dalili uku. Na ɗaya tsoro: ƙaramin ma'aikaci yana jin in ya tafi kai tsaye za a ce ba shi da ladabi, sai ya yi ta rarrafe cikin takarda. Na biyu son a sani: yana so a ce wane ya sha karatu, ya ɗauka nauyin takarda shi ne nauyin ilmi. Wannan kuwa tun daga makaranta a ke shuka shi, ranar da malami ya ce a rubuta insha'i shafi biyu, ya yaba wa wanda ya cika shafi, bai tambayi abin da aka zuba a ciki ba. Na uku shi ne mafi muni, watau ɓoyewa. Wanda ba shi da amsa, ko ba ya so ya bayar, shi ne ya kan rubuto: "Ana nan ana ci gaba da duba yiwuwar ɗaukar matakin da ya dace a lokacin da ya kamata." Karanta sau uku, ba za ka sami wanda zai yi ba, ba za ka sami abin da zai yi ba, balle rana. Irin wannan ya wuce sakaci, ya shiga cin amanar talaka, domin an sallame shi da hannu wofi yana tsammanin an ba shi wani abu.

Kada wani ya ce wannan gardamar malamai ce kurum, ba ta taɓa tuwon kowa. Mu mazauna kwarin Rima ne. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, tana bisa kanmu, da ita muke noman rani, ita muke dubawa in damina ta yi nauyi. Ba wanda ya manta ambaliyar watan Satumba na 2010, sa'ad da ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta, har ya yanke hanyar jami'a a Sakkwato. A rana irin wannan, sanarwa tana bukatar abu uku: yaushe ruwa zai iso, su wa zai shafa, ina za su nufa. In mai sanarwa ya soma da "Hukuma tana mai amfani da wannan dama domin ta jawo hankalin ɗaukacin al'umma baki ɗaya", mai sauraro ya riga ya mai da hankali ga awakinsa. Sankiran ƙauye da gangarsa ya fi mu sanin wannan: ya gai da jama'a da baki ɗaya, ya faɗi saƙo, ya matsa gaba. Har wayar hannu ma tana koya mana awo. Saƙon tes guda harafi 160 ya ke ɗauka, in kuwa ka sa haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma 70. Wanda ya ɓatar da 70 ɗin nan wajen share fage, gargaɗinsa ya faɗa saƙo na biyu.

Amma fa a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ba kowane maimaici ne ɓuntu ba. Gaisuwarmu, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙwanƙwaso, aiki ta ke yi: da ita a ke sanin lafiyar juna, da ita a ke buɗe ƙofar magana, wanda ya tsallake ta kuwa ko bukatarsa gajera ce ba ta biya. "Fari fat" ya fi "fari", "maza-maza" ya fi "maza", "ni da idona na gani" shaida ce mai ɗaukar alhaki. Amshin waƙa da kirarin sarki maimaici ne da gangan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, cikin waƙa ta zuba karatu domin jajis su kai wa 'yan taru a ƙauyuka, a yi ta maimaitawa har ya zauna a zuciya. Duk wannan iɗinabi ne mai fa'ida. Kuma gajartawa ma tana da iyaka. Muhtasar na Shehu Halilu ya matse lafazi har ɗalibi ba ya shigarsa sai da sharhi da malami a gefe. Wannan ya dace da littafin da za a haddace a yi shekaru ana warwarewa, amma bai dace da takardar asibiti ko sanarwar taki ba. Ma'aunin dai guda ne: cire kalmar ka gani. In wani abu ya ragu, na ma'ana ko na ladabi ko na daɗin ji, mai da ita wurinta. In ba abin da ya ragu, ba ta da gurbi tun farko.

Sabo da haka ga roƙona. Ku 'yan'uwana akawuna, kafin ku ɗora alƙalami ku tambayi kanku, in da wanda za a kai wa takardar nan yana bisa babur zai tashi, me zan ce masa? Abin da kuka ce, shi za ku fara rubutawa bayan gaisuwa. In kun gama, ku karanta wa wanda bai yi boko ba. In ya ce muku "To, mi kaka so a yi?", ku sani da sauran shiƙa, gama gwano ba ya jin warin jikinsa, sai an gaya masa.

Ku malaman makaranta, Allah ya ƙara muku haƙuri, ku riƙa ba yara aikin ragewa kamar yadda ku ke ba su na cikawa. Ku ba yaro layi 20 ku ce ya mai da su 5 ba tare da ya zubar da kome ba. Wanda ya iya wannan ya fahimci abin da ya karanta, wanda ya kasa kuwa kwafa kurum ya ke yi.

Ku kuma malamanmu na zaure, Allah ya gafarta muku, ku ne masu babin ijazi da iɗinabi. Ku fito mana da shi cikin Hausa, da misalan Hausa, domin ɗan boko ya san ilmin nan yana gidansu tun kafin a kafa allo a makarantar Gwamnati.

Shugabannin taro kuwa, a gai da manya sau ɗaya a madadin kowa, a faɗi ranar taki da kuɗinsa tun mutane suna da sauran ƙarfi, sa'an nan mai son jawabi ya yi.

In akwai wanda ya ga na yi kuskure cikin misalan nan, ko yana da waɗansu irinsu daga garinsu, ya rubuto wa Edita mu ƙaru da juna. Sai dai ina roƙonsa, don Allah, takardar kada ta wuce shafi guda.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Wurno.